Bodin Maɗacin da Na Haɗa wa Tanimu

Kusfa, cikin birnin Zariya.

Zuwa ga Magaji,

Da sunan Allah nake farawa, da salati ga Manzonsa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka Gusau lafiya, ina roƙon Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya haɗa ka da maigida mai tausayi da hanya mai sauƙi. Ni ma lafiya nake, sai godiya.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Ɗan fari ne kai, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in ce ga abin da ke cikina. Ranar da na raka ka tashar jirgi na tsara magana tun daga ƙofar gari, ina ta juya ta a baki. Da jirgi ya yi kuka sai na ce maka Allah ya kiyaye kawai, na juyo. A ƙasa na dawo har Kusfa. Na shiga gida na tarar da butarka a gindin rijiya inda ka bar ta, ban ɗauke ba. Maƙwabta har yanzu kwano biyu suke aiko mini da tuwo, kamar yadda suke yi tun rasuwar mahaifiyarka, na kuwa kasa aikawa in ce ɗaya ya isa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da baki ya kasa, ko takarda za ta iya.

Ka ce mini kitika za a ba ka ka tuƙa, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda wasu ke kira a-kori-kura. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, kafinta ne ni, ba zan koya maka tuƙi ba. Amma na haɗa wa irinta bodi, kuma bodi guda da na haɗa shi ya raba ni da ƙanena, Baffanka Tanimu. Kana yaro lokacin. An gaya maka gudu ya yi da mota ya faɗi. Ba haka abin yake ba, kuma lokaci ya yi da za ka ji daga bakina.

Baffanka ya dawo daga yaƙin Bama da abu guda mai amfani, ya iya tuƙi. Bayan 'yan shekaru ya samo kitika, kai da ƙashi kawai, babu komai a bayanta sai ƙarafa biyu miƙaƙƙu. Ya tuƙo ta har bakin zaurena, jama'ar unguwa suka fito kallo. Ya sauko yana dariya ya ce, “Yaya, ga amarya na kawo maka babu riga. Kai za ka ɗinka mata.”

Na ce, “Zan yi mata rigar da ba a taɓa gani ba a Zazzau.”

Kuskurena na farko ke nan, tun kafin in ɗauki zarto. Ban tambayi kaina me motar za ta ɗauka ba, sai dai me mutane za su ce. Akwai farin katako marar nauyi da ake kawowa daga Kudu, shi masu haɗa bodi a Sabon Gari suke amfani da shi. Na raina shi. Na sayo maɗaci, na sa aka tsaga shi da kauri kamar za a yi ƙyauren masallaci. Daɓen bodin kaɗai sai da ƙarti shida suka ɗaga shi. Na yi wa gefuna zane, na goge da mai har mutum yana ganin fuskarsa. A jikin ƙofar direba akwai wani ɗan allon ƙarfe da rubutun Turawa da lambobi. Na gan shi, na san kuma ba ado ba ne. Amma ban iya boko ba, kuma na ji kunyar a ce Malam Isyaku kafinta yana tambayar yaran makaranta su karanta masa abu. Na shafe shi da fenti tare da ƙofar.

Daga baya na san abin da ke jikin allon. Waɗanda suka ƙera motar sun rubuta iyakar nauyin da za ta iya tafiya da shi, duka-duka. A cikinsa har da nauyin ita kanta, da bodin da aka ɗora mata, da man da ke tankinta, da direban da ke zaune. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne rabon kaya. Ni na ɗauka bodi ba kaya ba ne, tunda a ɗaure yake da noti. Mota ba ta san wannan bambanci ba. Katako da gyaɗa duk ɗaya ne a wajenta. Don haka ranar da aka miƙa maka makulli, kafin ka zauna, nemi allon nan. Kai ka yi elementare, ka iya karatu. In ka ga abin da ba ka gane ba, tambayi wanda ya sani, ko da ka girme shi. Ni minti biyu na jin kunya na guje wa.

Da na gama bodin sai na kasa tsayawa. Na ce fasinja za su sha rana, na kafa rumfa da ginshiƙan itacen ƙirya, na rufe da kwano. Na ce za su gaji da zama kan buhu, na kafa benci biyu. Na ce mai zai iya ƙare masa a daji, na yi wa duro guda mazauni a bayan kan motar. Na ɗaura tayar safaya biyu maimakon ɗaya, na ƙera akwatin kayan aiki mai murfi da kwaɗo, na sa maƙeri ya yi ƙaton ƙarfe a gaba saboda shanu. Kowanne ina da dalilinsa, kuma kowane dalili gaskiya ne. Mahaifiyarka ta leƙo daga soro wata rana ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Malam, wannan mota ce ko ɗaki? In an gama saka mata kayan ɗaki, ina kayan mutane za su zauna?”

Na ce mata akwai wuri, ta duba faɗin bayan. Ta juya ta koma ciki. Ita nauyi take nufi, ni kuma wuri nake kallo. Ka riƙe wannan: wuri daban, ƙarfi daban. Bayan mota zai iya zama rabi fanko alhali ta riga ta cika. Duk abin da maigidanka ya ce a ƙara wa motar, rumfa ce ko duro ko benci, ka auna shi da buhu a ranka. Ka ce wannan rumfa buhu ɗaya ce, wannan duro in an cika shi buhu biyu ne da ɗoriya. Sai ka rage su daga lodi, ka gaya masa tun a gida cikin ladabi, kada ka bari sai a kasuwa mai kaya yana tsaye. Ban ce kada a ƙara komai ba. Safaya ɗaya da jak da ruwa dole ne. Amma kada ka manta kowannensu ya ci rabonsa.

Tanimu ya fara jigilar gyaɗa da auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa ɗakin awo. Sauran masu kitika irin tasa buhu goma suke ɗauka, shi ma sai ya ɗauki goma. Ba a yi wata biyu ba gindin motar ya zauna, taya tana gogar katako in an faɗa rami. Ya kawo mini. Na ce abu mai sauƙi, sifirin ne, ƙarfen nan mai falle-falle da ke tallafe nauyin mota, ya yi laushi, a ƙara masa falle. Muka tafi Tudun Wada wajen wani tsohon bakanike, Malam Garba, wanda ya yi aiki da reluwe kafin ya buɗe garejinsa. Ya zagaya motar sau biyu. Ya ƙwanƙwasa daɓen da sifana, ya ɗaga kai ya dube ni.

“Wa ya haɗa wannan?”

Na ce, “Ni ne.” Ina jiran yabo.

Ya ce, “Aiki ya yi kyau, Malam Isyaku. Amma ka riga ka yi mata lodi tun kafin ta bar zaurenka. Wannan yanzu buhu biyar ne hakkinta, in an matsa shida.”

Na ce, “Shi ya sa muka zo a ƙara sifirin.”

Ya ce, “In na ƙara, za ta miƙe ta yi kyan gani. Amma taya ita ce dai tayar jiya, birki shi ne na jiya, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya shi ne na jiya. Zaman da gindinta ya yi, gaya muku take ta gaji. Kana so in toshe mata baki. Ni ba zan yi ba. Ka cire rumfar nan da bencin, ka sauya daɓen.”

Tanimu ya dube ni ya ce a hankali, “Yaya, ko mu cire ɗin?”

A gaban mutane aka faɗi maganar, kuma wata uku na yi a kan bodin nan. Na ce masa tsoho ne ya rasa ƙarfin aiki yake neman hujja. Muka kai ta wani gareji inda ba a tambaya, aka ƙara falle uku kowane gefe. Ta miƙe tsaf. Na ce da Tanimu, “Ka gani?” Ya ce, “Na gani, Yaya.”

Magaji, in mota ta zauna, rage mata kaya. In wani ya ce maka ya ƙara wa motarsa sifirin yanzu tana ɗaukar ninki, kada ka yi masa musu, amma kada ka hau. In kuwa masanin abu ya gaya maka magana mai ɗaci a gaban jama'a, haɗiye ta, ka je gida ka tauna. Ni ɗacin na ji, ban ji maganar ba.

Akwai kuskure na huɗu, shi ne ya ƙarasa. Auduga tana cin wuri, benci kuma sun tare ciki, sai na ƙara wa bodin tsawo ta baya, kamu biyu bayan inda ƙarfen motar ya ƙare. 'Yan lodi kuwa inda ya fi kusa da hannu suke jibge buhu. Nauyi ya koma bayan tayoyin baya, gaba ya ɗaga. Wata ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muna tafe, Tanimu ya ce, “Yaya, kan motar nan yana yi mini iyo a hannu. In na juya sitiyari sai ta yi kamar ba ta ji ba. Birki ma sai na taka tun daga nesa.”

Na ce, “Kai da ka tuƙa motar soja a dajin Bama, 'yar wannan ce za ta ba ka tsoro?”

Ya yi murmushi. A hannuna aka yi masa kaciya bayan rasuwar mahaifinmu, ni na nema masa aure. Bai iya yi mini gardama ba, na kuma san haka lokacin da na faɗi maganar. Kai dai ka sani, kaya mai nauyi a jikin kan motar ake fara jera shi, a ƙasa, gaban tayoyin baya, marar nauyi ya biyo. Ka tsaya da kanka a kan lodi, kada ka tafi shan fura ka bar wa 'yan dako. Kuma in hannunka ya gaya maka mota ta sauya hali, hannunka ya fi kowa sani. Ko ni ne na ce maka ba komai, kada ka ji.

Kwana tara bayan wannan magana, da hantsi, yana dawowa daga wata kasuwa ta hanyar Soba da gyaɗa buhu goma da fasinja uku a benci. Akwai gangare da ke sauka zuwa rafi, da kwana a ƙarshensa. Ya taka birki, motar ba ta tsaya ba. Tayar baya ta hagu ta fashe, ya juya sitiyari, gaba bai kama ƙasa ba. Ta kife a bakin rafin. Fasinjojin Allah ya yi musu gyaɗar dogo, rauni kawai suka ji. Shi kuwa ƙofa ta buɗe ya faɗo, ginshiƙin rumfar da na kafa ya danne masa hannun dama. Sai da manoma suka zo da gatura suka sare shi. Ƙirya ce, ta daɗe ba ta saru ba. A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa.

Duk waɗannan kurakurai ne na jahilci da girman kai, ina sa ran Allah zai yafe. Wanda ya biyo baya shi ne ba ya barina in ci abinci da daɗi.

Gari ya ɗauka cewa Tanimu gudu ya yi. Tsohon soja ne, an san su da zafin kai, maganar ta zauna daidai a bakin mutane. A zaurena aka riƙa faɗa, ina aiki ina ji. Aka jawo motar, na kwance bodin da hannuna, na kai shi gunduwa-gunduwa wajen mai sikelin auduga na ce ina so in san nauyin katakon ne kawai. Ya auna ya gaya mini. Na mayar da shi buhu a raina, ya fita kusan abin da Malam Garba ya faɗa. Ranar ke nan da na tabbata motar tana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta da buhu huɗu ko biyar, kuma ni na ɗora. Na dawo gida na zauna. Washegari wani ya sake cewa a zaure, “Ai gudu ne,” na ce, “Ƙaddara ce.” Ban ce ƙarya ce ba.

Mahaifiyarka ta sani, don na gaya mata. Ta ce, “Malam, tashi ka je ka faɗa masa. Shi ma ya sani, jira yake ya ji daga bakinka.” Na ce sai ya warke. Da ya warke na ce sai zancen ya lafa. Yakan zo ya zauna a bakin zaure da hannun riga a naɗe, yana kallona ina fiƙe katako. Wata rana muna mu biyu ya ce, “Yaya, ka san ba gudu na yi ba ko?”

Na ce, “Abin da ya wuce ya wuce, Tanimu.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “To, Yaya.” Ya tashi. Ba a yi mako ba ya kwashe iyalinsa ya bar gari, bai yi mini sallama ba. Yau shekara takwas. Mahaifiyarka har ta kwanta ciwon ajali tana tambayata ko na aika masa. Ban aika ba. Daga ranar ban ƙara haɗa bodi ba, na koma ƙyaure da akwati, mutane suna cewa alhinin ƙanena ne. Na bar su da wannan ma.

Za ka yi kuskure a aikinka, babu direban da ba ya yi. Ranar da ka yi, faɗa da bakinka kafin rana ta faɗi, musamman in wani ne ake ɗora wa. Kada ka jira lokacin da ya dace. Ni na jira, kullum maganar tana ƙara nauyi, har ta kai ban iya ɗaga ta ba. Dubi inda ta bar ni. Gida mai ɗaki biyar, ni kaɗai nake buɗe ƙofa da asuba, ni kaɗai nake rufewa.

Yanzu ga roƙona. Lokacin kaka wani farke da ya zo sayen akwati ya ce mini ya ga wani Bazazzage mai hannu ɗaya a tashar motar Gusau, yana rubuta sunayen fasinja da hagu, ana kiransa Soja. Ban gaya maka ba da za ka tafi, don da na faɗa sai na faɗi sauran. Ban sani ba ko shi ne. Ka je ka duba. Yana da tabo a gira ta hagu, kuma in zai yi dariya yakan fara sunkuyar da kai. In shi ne, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka ce kai ne Magajin Yaya Isyaku. Kada ka roƙe shi komai a madadina. Ka karanta masa wannan takarda daga farko har ƙarshe, in akwai mutane a wurin kada ka rage murya. Ka ce masa na ce ba gudu ya yi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na faɗi haka a zaure gaban mutum bakwai, biyu daga cikinsu ma ba su tuna zancen ba, amma na faɗa.

In ya ba da amsa, rubuto mini ita yadda ya faɗe ta, kada ka gyara. In ya yi shiru, rubuto mini cewa ya yi shiru.

Ka kula da salla a kan hanya, ka duba tayoyinka kowace safiya kafin ka karya. Allah ya kai ka inda za ka, ya dawo da kai da ƙafafunka da hannuwanka. Allah ya kare waɗanda za su hau bayanka, ya kare waɗanda za ka wuce a hanya. Allah ya ji ƙan mahaifiyarka, ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Isyaku kafinta, Kusfa.